Tumakin Amrigebe Ɗari Uku

A unguwar Amrigebe ta birnin Njamena, a layin da Hausawa suka fi yawa, an yi wani mutum Abdussamad wanda bai taɓa jin an ambaci wani aiki ya ce bai iya ba. In rediyo ta lalace, ya iya. In jaki ya ƙi tafiya, ya san abin da ke damunsa. Shi ne ya gyara agogon masallacin layin, kuma tun daga ranar ladan ya koma duba inuwa.

Shekara shida ya yi yana masinja a wajen wani Bature likitan dabbobi, mai yawo ƙauyuka yana yi wa garke allura. Baturen nan yana da na'ura a kan tebur, wadda mutanen gari ke kira ordinata, 'yan kasuwar da suka zo daga Kano kuma su ce kwamfuta. Ba ya taɓa madannanta sai ta kama dole. In ya dawo daga daji sai ya zauna, ya jawo makirfo kusa da baki, ya yi ta zuba Faransanci, rubutu na fitowa a fuskar na'urar shi kaɗai. Abdussamad yana tsaye da tiren shayi yana kallo, har ya haddace inda ake kunnawa da inda ake dannawa takarda ta fito.

A shekarar 2004 aikin Baturen ya ƙare. Da zai tafi ya bar wa Abdussamad na'urar da injin buga takardarta, ya ce ya sayar ya rage zafi. Abdussamad ya yi godiya, ya ɗora kayan a baro, ya turo su gida yana tafe yana gyaran murya.

Matarsa Zuwaira tana tankaɗe a tsakar gida ya shigo.

"Talabijin ka samo mana?" in ji ta.

"Talabijin! Ke dai Zuwaira, Allah ya shirye ki. Wannan ita ce ordinata mai kunne. Duk abin da aka faɗa tana ji."

"To ta ji an ce a ɗauke ta daga kan tabarmata."

Ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya miƙa mata makirfo ya ce ta faɗi duk abin da ta ga dama. Zuwaira ta karkaɗe gari daga hannunta ta ce, "Ka tashi ka gyara ƙofar bayan gida da ka ce za ka gyara tun Sallar bara."

Sai ga baƙaƙe suna jeruwa a fuskar na'ura, layi guda har da rabi. Zuwaira ta ja da baya tana salati.

"Me ta rubuta?"

A nan ne ƙullin yake. Faransancin Abdussamad na baki ne, na gaisuwa da "to, ranka ya daɗe" da "shayi ya ƙare". In aka zo karatu, tsintar harufa yake ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Amma ya ƙura ido, ya gyaɗa kai kamar mai nazari.

"Ta juya maganarki zuwa Faransanci, ta kuma gyara ta. Ta ce mace ta gari ba ta ɗaga wa mijinta murya."

"Ashe namiji ce," in ji Zuwaira, ta koma kan tankaɗenta.

To, a lokacin nan babu abin da ke cin ran mutanen layin kamar kwatarsu. Magudanar ruwan ta rufta tun shekara uku da suka wuce, ta cike da ƙasa da leda. Duk damina ruwa ya kwanta a layin har gwiwa, sauro ya yi gida, zazzaɓi ya bi yara ɗaya bayan ɗaya. Bara katanga huɗu ta faɗi. Bana kuma an ji cewa ofishin da ke kula da irin wannan aiki yana tattara sunayen layukan da za a yi wa gyara, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar koke. Malam Halliru, tsohon malamin makaranta kuma magatakardan ƙungiyar Hausawan unguwa, shi ke rubuta koken kowace shekara da kyakkyawan rubutunsa, kowace shekara kuma shiru.

Washegari da hantsi Abdussamad ya sami dattawa a gindin darbejiya wajen mai shayi, suna kan wannan magana. Bai bari ya gama gaisuwa ba.

"Ku kwantar da hankalinku. Zancen kwata ya ƙare."

"Kai za ka haƙa?" in ji Buba baduku, wani mai ɗinkin takalma wanda ba ya iya jimla biyu bai ce "Kash, tir!" ba.

"Ni da haƙa? Da baki za mu haƙa ta." Ya ba su labarin na'ura, ya ƙara gishiri har ya yi yawa. Ya ce tana jin Hausa, tana jin Larabci, tana jin Fillanci, in mutum ya yi tari ma ta san abin da yake nufi. "Kowa zai faɗi kukansa da bakinsa, ita kuma ta juya shi zuwa Faransancin manya, irin wanda in shugaban ofis ya karanta sai ya miƙe tsaye. Ba irin wasiƙar hannu ba, da ake naɗe gyaɗa da ita."

Malam Halliru ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Abdussamad, na'urar nan Faransanci aka koya mata. A ina ta koyi Hausa?"

"Malam, shekara shida muna ofis ɗaya da ita. Duk hirar da na yi da mai gadi a gabanta na yi ta."

"To kai shekara shida kana ofis ɗaya da likita. Ka zama likita?"

"Saura kaɗan," in ji Abdussamad.

Aka yi dariya, amma Alhaji Yunusu, shugaban ƙungiya, bai yi ba. Katangar gidansa na cikin waɗanda suka faɗi bara. Ya shafa gemu ya ce shekara uku an gwada alƙalami, babu laifi a gwada na'ura sau ɗaya. Aka sa taro ranar Laraba bayan la'asar a ƙofar gidansa.

Ranar Laraba layin ya cika, maza a kan tabarmi, mata a bakin zaure. Abdussamad ya sa farar riga da wani tabarau da Bature ya yar, wanda ba ya ganin komai da shi. Ya ɗora na'ura a kan teburin mai shayi, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida, ya danna.

Aka ɗauke wuta.

"Kash, tir!" in ji Buba.

"Ta ji tsoron jama'a," in ji Goggo Shatu mai fura, wata tsohuwa da ko liman ke shakkar bakinta.

Aka ruga aka aro janaretan mai walda. Janaretan nan in ya tashi sai ka ce jirgi zai sauka a layin. Aka girke shi dab da tebur saboda wayar gajera ce. Na'ura ta farka, kuma tun kafin kowa ya buɗe baki ta fara rubutu. Layi ɗaya, layi biyu, layi biyar.

"Wa ya yi magana?" in ji Alhaji Yunusu.

"Gaisuwa take yi wa shugaban ofis," in ji Abdussamad, gumi na tsattsafo masa. "Haka ake fara wasiƙar manya."

Malam Halliru ya taso ya leƙa ta kafaɗarsa. "Matsa in gani. Kamar na ga an rubuta wani abu game da zawo."

Abdussamad ya fizge mayafin da ya rufo na'urar da shi ya lulluɓe fuskarta. "Ba ta son ido, Malam. In ana kallonta rikicewa take."

"To in ta gama, ka ba ni in duba kafin a kai."

"A duba me? Wanda wasiƙarsa ta yi shekara uku ba ta kawo ko shebur ba, shi zai duba aikin Turawa?"

Wurin ya yi tsit, ban da janareta. Malam Halliru ya ɗauki hularsa da littafinsa, ya ce wa Alhaji, "Ka shaida, ba ruwana." Ya yi tafiyarsa. Wasu suka ce a bi shi a ba shi haƙuri, Abdussamad ya ce lokaci na tafiya, man janareta ba nasu ba ne.

Ya kafa doka. Kowa ya zo gaban makirfo, ya faɗi sunansa, ya yi magana a hankali. Kuma, tun da kunnen na'ura ya saba da Bature, kowa ya toshe hanci da yatsa biyu don maganar ta fito ta irin hanyar da ta saba.

Alhaji Yunusu, mutum mai jikoki goma sha ɗaya, ya tsaya gaban jama'a ya matse hancinsa. Muryarsa ta fito kamar ta agwagwa.

"Ni Alhaji Yunusu, a madadin mutanen wannan layi. Mu mutane ne wajen..." Ya tsaya. Faransancin da ya iya duk duniya shi ne lissafi, saboda kasuwa, sai ya ga ga inda zai taimaka wa na'ura. "Mutane turwa san, wato ɗari uku. Damina ta zo. Damina muke tsoro. Sauro ya gama da mu."

"Ka gaya mata katangar Malam Mudi ma ta tsage!" wani ya yi ihu daga baya.

"Da ta Malam Alamin!"

"A yi shiru, ɗaya bayan ɗaya!" in ji Abdussamad.

Amma ina! Mutanen da suka yi shekara uku da magana a ciki ba sa bin layi. Wannan ya fara da Hausa ya ƙare da Larabci, wancan ya katse shi ya ce ba haka aka yi ba. Wani ya yi tari, wani ya yi atishawa aka yi masa addu'a. Mata biyu suka tuna cewa ruwan wankin ɗaya ne ke gangarowa ƙofar ɗaya, suka dasa sabon faɗa a gaban makirfo. Wani ɗan akuya ya ratsa ta ƙarƙashin tebur ya ba da nasa ra'ayin. Ita kuwa na'ura, a ƙarƙashin mayafi, ba ta ce a maimaita ba ko sau ɗaya.

Da aka zo kan Buba, ya matse hanci ya ce, "Ni Buba. Kash, tir! Shagona ruwa ya shiga, fatu suka ruɓe. Ni Buba, wallahi, kash, tir! Abin da zan ce ke nan."

Goggo Shatu ta ƙi toshe hanci. "Shekara saba'in ina magana da hancina a buɗe, har mijina da ya kurumce yana ji na." Ta kama makirfo kamar muciya, ta fara daga kakanta da ya taso daga Katsina da niyyar Makka ya yada zango a nan, ta bi ta kan auren 'ya'yanta, ta zagi leda da wanda ya ƙirƙiro ta. Sai da man janareta ya kusa ƙarewa aka ƙwace makirfon.

Injin buga takarda ya yi ta amai har shafi tara. Jama'a suka yi kabbara. Abdussamad ya jera shafukan, ya duba su a juye ya gyara, ya ga rubutu ya cika ko'ina tsaf ba gurbi, zuciyarsa ta yi fari. Alhaji Yunusu, wanda karatunsa na allo ne, ya sa hannu ya buga hatimin ƙungiya. Ranar Alhamis da sassafe Abdussamad ya kai da kansa.

Ranar Asabar sai ga ɗan aike a kan babur yana tambayar masu wasiƙa mai shafi tara. Abdussamad ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"An karanta takardarku, an tura ta inda ta dace," in ji ɗan aiken da Larabci. "Dokta ya ce abin na gaggawa ne, zai zo ranar Talata da safe da mutanensa. Ya ce a tara su duka wuri ɗaya, a ware marasa lafiya gefe, kuma kada a ba su komai su ci tun asuba."

Kafin babur ya fita layin, labari ya riga shi. Kwana biyu kacal, an amsa! Abdussamad ya zauna a gindin darbejiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana zuba masa shayi ba ya ko kallon mai zubawa.

"Amma me ya kawo dokta cikin zancen kwata?" in ji Buba.

"Manyan injiniyoyi ai dokta ake ce musu."

"To hana mu cin abincin fa?"

"Liyafa, Buba. In manya za su buɗe aiki, da abincinsu suke zuwa. Ba sa son a yi asara."

Zuwaira dai da ta ji, cewa ta yi ita za ta sha kununta, in liyafar ta zo ta samu wuri ta zauna a kai.

Ranar Litinin da yamma aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Layin ya koma fadama. Duk da haka ranar Talata tun da hantsi jama'a suka taru a ɗan tudun da ke gaban masallaci, kowa cikin kayan Sallah, cikinsa ba komai. Marasa lafiya an shimfiɗa musu tabarma daban kamar yadda aka ce: masu zazzaɓi uku, mai ciwon gwiwa, da wani da ya ce shi dai kansa ke sarawa in ya ji yunwa. Malam Halliru ma ya zo, ya tsaya can nesa, hannu a baya.

Rana ta yi sama, ciki ya fara kuka. Can sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo tana tsala taɓo. Aka yi guɗa. Abdussamad ya sha gaba, ya buɗe hannu biyu.

Mutum huɗu suka sauko cikin takalman roba. Babu shebur, babu ma'auni, babu tukunyar abinci. Suka fara sauke akwatunan sanyi, da igiyoyi, da allurai masu kaurin yatsa. Na ƙarshe ya sauko da wani ƙarfe mai baki kamar babbar filaya. Shugabansu, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, ya gaisa da Larabci ya waiga hagu da dama.

"Ina suke?"

"Ga su nan, Dokta," in ji Abdussamad, ya nuna jama'a. "Duka na tara su. Ba wanda ya ci komai."

"Na ga mutane. Ina tumakin?"

"Wane tumaki?" in ji Alhaji Yunusu.

Dokta ya zaro shafi tara daga jakarsa. "Tumaki ɗari uku da annoba ta kama. Ni likitan dabbobi ne. Ba ku kuka rubuto ba? Ga hatiminku."

Abdussamad ya miƙa hannu zai karɓe takardar. Alhaji ya riga shi. Ya juya ya ɗaga murya: "Malam Halliru, don girman Allah, zo ka karanta mana."

Malam Halliru ya tako a hankali, yana zaɓen inda zai sa ƙafa. Ya sa tabarau, ya bi shafin farko layi-layi.

"Shafin farko duka zancen zawon maruƙa ne. Ina jin wannan janareta ne ya faɗa." Ya juya shafi. "To ga inda Alhaji ya fara. Inda ka ce mutane, ta rubuta muton, wato tumaki. Tumaki ɗari uku. Inda ka ce Alhaji, ta rubuta alerji, wato ƙaiƙayin jiki. Inda ka ce damina, ta rubuta bitamin. Ta ce tumakin suna matuƙar bukatar bitamin."

"Mun kawo kwali biyu," in ji Dokta.

"Sauro kuma ta rubuta toro, wato bijimi. Ta ce bijimi ya gama da su. Duk inda aka ce Malam, ta sa malad, mara lafiya. Mudi mara lafiya, Alamin mara lafiya. Ni ma ga ni nan, ban tsira ba."

Dariya ta fara daga wajen mata, ta bi ta cikin samari, har marasa lafiyan da ke kan tabarma suka tashi zaune.

"Ni fa?" in ji Buba. "Me ta ce a kan fatuna?"

Malam Halliru ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi ƙarfen da ke hannun ma'aikacin. "Buba, gara ka zauna."

"Faɗi mana!"

"Sunanka ta ji shi buk, wato bunsuru. Kash tir ɗinka kuma ta ji kastire." Ya yi gyaran murya. "Wato a yi wa bunsurun fiɗiya. Sau biyu ta rubuta."

Ma'aikacin ya ɗaga ƙarfen ya buɗe bakinsa ya rufe, ƙwas. Buba ya buɗe baki zai yi furucin da ya saba, ya tuna, ya rufe bakin da hannu biyu ya koma bayan liman.

Goggo Shatu ta matso da sandarta. "Ni kuma tsohuwar tunkiya ta ce, ko?"

"Naki shafi huɗu ne, Goggo. Ta ce a killace ki kwana arba'in."

Yanzu har Dokta ya kasa riƙe kansa. Da ya share hawaye ya tambayi inda aka samo na'urar. Aka gaya masa. Ya buga cinya.

"Shi ya sa! Na yi aiki da Baturen nan, na ce wannan rubutu kamar nasa. Ku ji, na'urar nan ba fahimta take ba, canka take. In ta ji sauti, sai ta duba cikin kalmomin da ta sani ta ɗauko wadda ta fi kama, sannan ta ƙarasa da abin da mai ita ya saba faɗa bayan wannan kalma. Shekara shida ba abin da aka gaya mata sai tumaki da zawo da allura. Ko waƙa kuka yi mata, tumaki za ta ji. Kuma ba ta san ta ce ban gane ba."

"Ashe a gida ɗaya suka tashi da Abdussamad," in ji Zuwaira daga cikin mata.

Abdussamad ya cire tabaransa ya mayar. "Jama'a, ku tsaya. Laifin ba na na'ura ba ne. Na ce a toshe hanci, Goggo ta ƙi. Na ce ɗaya bayan ɗaya, kuka yi mata kasuwa. Hausarku ma ta cuɗe da Larabci, ko ni da kyar nake..."

"Ranar Juma'a aka rufe karɓar koke," in ji Alhaji Yunusu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Dariyar ta tsaya cak. "Ga damina ta sauka. Kokenmu na bana shi ne wannan. Kuma ka sa ni, da furfurata, na toshe hanci gaban surukaina."

Abdussamad ya duba hagu, ya duba dama, ya ga duk hanyoyin fita taɓo ne.

"Dokta," in ji Goggo Shatu, "kada ku koma da allurarku haka nan. Ga babban ragon garken nan, ku fara da shi."

Samari suka yi kansa. Abdussamad ya tattare riga ya zuba da gudu, ya yi taku uku, na huɗu ƙafarsa ta nutse har ƙwauri, ya fito ba takalmi. Da kyar Alhaji ya tsawatar aka ƙyale shi.

Likitocin suka yi wa 'yan awakin layin allura, su goma sha ɗaya, don kada zuwan ya tashi a banza. Suka mayar da kaya suka hau mota. Direba ya juya kai, ya taka, motar ta gangara daidai inda kwata ta rufta ta zauna. Ya sake takawa, ƙafafun baya suka yi ta juyi suna nutsewa. Dokta ya leƙo ta taga, ya dubi ruwan da ya kai ƙofar mota, ya dubi gidajen da ruwan ke lasar gindinsu.

"Wannan ne abin da kuke son faɗa?"

"Shi ne, shekara uku," in ji Malam Halliru.

"A cikin wannan kuke kwana da yara?" Dokta ya girgiza kai. "Malam, rubuta mini shi a shafi ɗaya, da hannunka, yanzu. Zan haɗa da rahotona in kai da kaina, in gaya musu motar aiki ta kwana a nan ko ta kusa. Ban yi alkawari ba, amma zan buga ƙofa."

Malam Halliru ya zaro alƙalami, ya ɗora littafinsa a kan murfin mota ya fara rubutu. Sauran maza suka tuɓe manyan riguna suka zo turi. Aka ce kowa ya kama wuri, kuma ba a yi shawara ba amma wuri ɗaya ne ya rage wa Abdussamad: daidai bayan ƙafar baya. Aka ce ɗaya, biyu, uku. Direba ya taka. Motar ta yi tsalle ta fita, ta bar masa duk abin da kwata ta tara tun shekara uku, daga hula har yatsun ƙafa.

Bai tsaya sallama ba. Ya nufi gida, yara na binsa suna kukan tumaki.

Zuwaira ta tare shi a tsakar gida da bokiti, ta ce kada ya kuskura ya taka mata ɗaki. Ya zauna a kan turmi tana kwara masa ruwa, idanunsa biyu kawai ake gani. Har ta fara jin tausayinsa. Sai ya tofar da taɓo ya ce:

"Amma dai kin ga mota ta zo."

Ta tsaya da bokiti a hannu.

"Wasiƙar Halliru shekara uku, ko keke ba ta kawo ba. Tawa kwana biyar, mota da mutum huɗu har da dokta. A faɗi gaskiya."

"Haka ne," in ji Zuwaira. "Gobe sai ka rubuta ka ce mu shanu ne, wataƙila su turo babbar mota."

Abdussamad ya share ruwa daga fuskarsa, ya ƙura wa ƙasa ido. Can ya ɗago a hankali.

"Kin san, Zuwaira, ba ki yi ƙarya ba. In aka ce raƙuma ma..."

Ya miƙe ya nufi ɗakin da na'ura take. Zuwaira ta riga shi bakin ƙofa, ta ja ta ta rufe, ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.